Soyayyar Taliya: Daga Ayarin Raƙuma zuwa Tukunyar Iska



A hutun da ya wuce, muna zaune da dare a ƙofar gida a Yawuri, wani ƙanena ya miƙo mini waya ya ce: "Yaya, dubi abin da Turawa suka ƙirƙiro." Bidiyo ne na wata mata a Amurka. Ta dafa maka, ta tsame, ta yayyafa mai kaɗan da gishiri da cuku, ta zuba cikin wata tukunya mai aiki da kuran. Bayan minti goma ta fiddo ta tana ƙaras-ƙaras kamar ƙuli. Innarmu ta leƙo ta gani, ta yi dariya ta ce: "Yo wannan ai soyayyar taliya ce. Wadda ake ƙulla muku a leda ta dala biyar a bakin lakwal."

Maganar Inna ta tsaya mini a rai. Gaskiya ta faɗa, amma da saura. Don a soya taliya ana bukatar abu uku: alkama, mai, da wuta. Kowannensu yana da tarihinsa a ƙasar Damagaram, kuma idan muka bi sawun tarihin za mu ga wane ne a hannunmu, wane ne muka saki, wane ne kuma tun asali na aro ne.

Sunan da ya ƙetaro hamada

Mu fara da sunan. Da yawanmu mun ɗauka "taliya" daga "Italiya" ta fito, tunda kalmomin sun yi kama kuma Italiyawa ne suka yi suna da ita. Sai dai Larabawa suna da tsohuwar kalma, "iɗriya", wadda ke nufin ƙullin alkama da aka ja siriri aka busar. A shekarar 1154 malamin labarin ƙasa Al-Idrisi ya gama littafinsa a fadar Sarki Roja na biyu a tsibirin Sisili. A ciki ya ambaci wani gari, Tarabiya, kusa da Falarmo, inda ake yin iɗriya da yawa ana lodin ta a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Sisili kuwa ta yi kusan shekara ɗari biyu a hannun Musulmi kafin lokacin.

Wannan ya rushe labarin da ake yawan ba mu, wai Marko Folo ne ya kawo taliya Turai daga Sin. Marko Folo ya koma Banis a 1295, alhali akwai wata takardar gado da aka rubuta a birnin Jenowa a 1279 wadda ta lissafa kwandon makaroni cikin kayan mamaci. Labarin Marko Folo wata mujallar masu sana'ar makaroni a Amurka ce ta yaɗa shi a 1929.

Abin da ya sa busasshiyar taliya ta yi farin jini a wancan zamani shi ne ba ta lalacewa. Ba ta da nauyi, tana yin watanni cikin buhu, kuma ruwan zafi kaɗai take so. Guzurin matafiyi ce, na jirgin ruwa ko na raƙumi.

Ku dubi sauran sunayen abincin alkama a Hausa. Alkama daga "al-ƙamh". Alkubus daga "al-khubz", wato burodi. Alkaki daga "al-ka'ak". Gurasa daga "ƙursa", abu mai faɗi zagayayye. Tanderun da ake gasa ta daga "tannur". Sai ku gwada su da gero, dawa, maiwa, tuwo, fura, kunu, koko. Babu ƙamshin Larabci a jikinsu ko kaɗan. Harshe da kansa ya raba mana ɗan gida da baƙo.

Hanyar Tarabulus

Ta ina baƙon ya shigo? A ƙarni na 19 babbar hanyar fatauci tana tasowa daga Tarabulus, ta bi Gadamas da Gat, ta ratsa duwatsun Abzin zuwa Agadas, ta sauko Damargu, ta yada zango a Damagaram, sannan ta nufi Kano. Yankinmu na Kance da Matamaye yana tsakanin waɗannan birane biyu na ƙarshe, kusa da Daura. Ba a gefen tarihi muke ba, a bakin hanyarsa muke.

Damagaram ta kai ƙarshen ƙarfinta a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884. Shi ya ƙarfafa ganuwar Birni, ya tara bindigogi har da igwa, ya jawo fatake. Unguwar Zango, a wajen ganuwa, ita ce masaukin ayari da Buzaye. Baturen Ingila James Richardson ya zauna a garin a farkon 1851, Bajamushe Heinrich Barth ya iso a ƙarshen 1852, kuma dukansu sun tarar da ƴan kasuwar arewa zaune suna harkarsu. A Kano ma haka: Larabawan Gadamas da Tarabulus suna da gidajensu da unguwanninsu cikin birni.

Baƙon da ya zauna shekaru ba ya barin cimarsa. Waɗannan fatake mutanen alkama ne. Sun auri matan gari, sun ɗauki barori da kuyangi, kuma a madafan gidajensu hannun Bahaushiya ya koyi murza ƙulli. Kada mu manta cewa cikin waɗanda suka yi wannan aikin akwai bayi, domin hanyar da ta kawo alkaki ita ce ta kwashi mutane zuwa arewa tare da fatu da gashin jimina da haure. Tarihin abinci ba duka zaƙi ba ne.

Alkama ba ta son zafi. A ƙasarmu sai da ɗari ake shuka ta, wajen Nuwamba, a girbe wajen Maris, kuma sai da ban ruwa. Shi ya sa nomanta ya tsaya a ƴan wurare: lambunan Abzin irin su Timiya da Tabalot, bakin kogin Komadugu, da wasu fadamu a ƙasar Kano. Kaɗan ake samu, da tsada kuma. Abin da ke da tsada a ƙasar Hausa yakan zama abin sarauta da biki. Har gobe, idan za a kai gara, alkaki da dubulan ne ke gaba. Taliyar da ake murzawa da tafin hannu, sili ɗaya-ɗaya, a shanya a tabarma, aikin yini ce. Wadda ta yi maka ita ta girmama ka.

Faransawa sun ci Damagaram a 1899 bayan yaƙin Tirmini. A 1911 Italiya ta mamaye Tarabulus, a shekarar kuma layin dogo daga Ikko ya iso Kano. Cikin ɗan lokaci ayarin hamada ya mutu, domin kaya ta teku da jirgin ƙasa sun fi araha. A 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Daga nan fuskar kasuwarmu ta juya daga arewa zuwa kudu, kuma garin alkama ya fara zuwa cikin buhu, fari tas, niƙaƙƙe daga wata duniya.

Man da muke da shi

Yanzu mu zo kan abu na biyu, mai. A nan ne muke da abin faɗa.

Layin dogon da ya kashe ayari shi ya raya gyaɗa. Masana'antun Turai suna neman mai don sabulu da girki, Kano ta zama cibiyar dalar gyaɗa, kuma Faransawa suka matsa wa manoman kudancin Nijar da haraji wanda sai da kuɗi ake biya. Ina talaka zai samu kuɗi? Sai ya noma gyaɗa. Magarya, Matamaye, Tasawa da Maraɗi suka zama ƙasar gyaɗa. Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA a 1962 don ta riƙe cinikin. A shekarun 1960 gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin kuɗin da ƙasar ke samu daga kayan da take fitarwa. An yi masana'antun matse mai guda uku, a Maraɗi da Magarya da nan Matamaye. Ku tambayi dattawa, za su ba ku labarin lokacin awo, da layin amalanke da jakuna, da yadda ake ɗaura aure da kuɗin kaka.

Ban da masana'anta, kowace unguwa tana da mai ƙuli. A soya gyaɗa, a murje, a niƙa, a matse tunkuza har mai ya tsatso, a soya ƙuli a cikin man nasa. Wadatar man gyaɗa ce ta sa suya ta zama abin kullum: ƙosai, fanke, cincin, awara daga baya. Kafin nan mai, ko na shanu ko manja daga kudu, ba abin wasa da shi ba ne.

Sai fari ya zo. Daga 1968 zuwa 1974 damina ta yi ta gazawa, manoma suka koma gero don su tsira da rai. A 1975 cutar da ƙwarin darɓa ke yaɗawa ta cinye gonakin gyaɗa a Nijar da arewacin Nijeriya. A daidai lokacin yuraniyom na Arlit, da aka fara haƙowa a 1971, ya ɗauke hankalin gwamnati. Gyaɗa ba ta sake komawa matsayinta ba. Yau mata suna nan suna matse mai, Allah ya saka musu, amma ku leƙa kasuwa ku ga jarkokin da suka fi yawa. Man kwakwar manja ne da aka tace a Malesiya ko Indonesiya ko Kodibuwa. Jikokin masu sayar wa Faransa mai sun koma sayen na wasu.

Yadda maka ta zama abincin kullum

To yaushe taliya ta sauko daga kwanon biki zuwa kwanon ɗalibi? Abu uku suka haɗu.

Na farko, ƙaramin injin hannu mai marfin juyawa. Da shi mace ɗaya za ta fidda a awa guda abin da murji ke ci mata yini. Ta shanya a igiya, ta dafa, ta sa mai da yaji, yarinya ta ɗauka talla. Wadda ta kakkarye ko ta yi kwantai kuwa ba a zubarwa. A jefa ta cikin mai mai zafi, a barbaɗa gishiri da yaji, a ƙulla. Asalin soyayyar taliyar bakin lakwal ke nan: dabarar mace ce don kada jari ya karye.

Na biyu, manyan masana'antun maƙwabta. A Nijeriya an kafa Flour Mills a 1960, injinta na Apapa ya fara niƙa alkamar waje a 1962. Da kuɗin fetur suka shigo a shekarun 1970, burodi ya mamaye birane. A 1985 wasu masu bincike biyu daga Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka fitar da littafi a kan abin da suka kira tarkon alkama: ƙasa ta saba da abincin da ba ta iya nomawa, kuma ba ta iya dainawa. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, aka dogara da noman rani irin na Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga. Bai wadatar ba, aka janye dokar a farkon shekarun 1990. Daga baya Golden Penny da Dangote suka cika kasuwa da taliyar leda, Indomie kuma, wadda asalinta Indonesiya, ta buɗe masana'anta a Ota a tsakiyar shekarun 1990. Duk abin da ya cika Kano, gobe yana Ɗan Barto, jibi yana Matamaye.

Na uku, tsohuwar hanyar arewa ta farfaɗo da manyan motoci. Aljeriya tana tallafa wa farashin alkama, saboda haka makarta tana da araha. Ta Tamanrasat da Asamaka da Arlit take saukowa Agadas, wata da takarda wata babu. Inda raƙumi ya bi, nan mota ke bi.

Ga kuma dalilin da kowane ɗalibi ya sani ba sai an gaya masa ba. Tuwo yana son sussuka, surfe, wanki, niƙa, tankaɗe, talge, tuƙi, ga miya. Maka tana son minti goma da icce kaɗan. Wanda ya bar ƙauye ya zo karatu Matamaye ko Damagaram, yana haya ɗaki ɗaya da abokai uku, ba zai tsaya surfe ba. Kada wani ya zage mu wai mun raina gero. Lokaci da icce ne suka yanke hukunci.

Abin dariya, ita kanta Indomie soyayyar taliya ce. Wani mutumin Japan, Momofuku Ando, shi ya gano a 1958 cewa idan aka turara taliya aka tsoma ta cikin mai mai zafi, ruwan jikinta zai fice ya bar ƴan ƙofofi, ta bushe, ta kuma dahu nan take in ta ga ruwan zafi. Yaran da ke murmushe ta cikin leda su ci ɗanya sun riga ƴan TikTok.

Gwajin Damagaram

Akwai wani babi da ba a koya mana a aji, kuma shi ya fi ba ni mamaki. A ƙarshen shekarun 1960 an kafa wata masana'anta a Damagaram mai suna SOTRAMIL, don sarrafa gero. Manufarta ta sauƙaƙa wa mata daka ta hanyar sayar da garin gero niƙaƙƙe, sannan a yi biskit da taliya da ke da gero a ciki, a rage sayen alkama. Wato tambayar da muke yi yau, iyayenmu sun yi ta tun shekara hamsin da suka wuce, har suka kafa inji.

Aikin yana da wuya. Alkama tana da wani danƙo a cikin garinta wanda ke sa ƙulli ya miƙe ba tare da ya tsinke ba. Gero ba shi da wannan danƙo, shi ya sa sai an gauraya. Garin gero kuma yana da ɗan maiƙo, ba ya daɗewa a ajiye sai ya canza ɗanɗano. Sannan masana'antar da ke sayen gero a ƙasar da ake fari tana takara ne da bakin talaka. SOTRAMIL ba ta ɗore ba. Amma faɗuwar gwaji ɗaya ba ta nuna tambayar banza ce. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi kowa noman gero a duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, kuma ƙungiyoyin mata a Yamai da Maraɗi da Damagaram suna ƙulla busasshen dagge da kuskus na gero a leda suna sayarwa.

Wutar wa?

Saura abu na uku. Tukunyar da ƙanena ya nuna mini ba ta tsufa ba. Wani ɗan Holan, Fred van der Weij, ya ƙera ta, kamfanin Philips ya nuna ta a wani baje koli a Balin a 2010 da sunan Airfryer. A gaskiya ba suya take yi ba, gashi ne. A samanta akwai ƙarfe mai yin ja da kuran, da fanka mai hura zafin da ƙarfi a kan abinci, har ma'aunin zafi 200. Iskar tana kwashe ruwan da ke jikin dafaffiyar maka, sai ta ƙandare ta yi ƙaras. Mai cokali ɗaya ya isa. A tsakiyar 2021, lokacin da korona ta tsare mutane a gida, soyayyar maka ta wannan tukunya ta bazu a TikTok.

Dabarar ba baƙuwarmu ba ce. Tanderun gurasa zafi ne da aka tsare a cikin tukunya. Mai gyaɗa da ke soya ta cikin yashi mai zafi, da mai gugguru, da mai aya, duk suna fidda ƙaras ba tare da ɗigon mai ba.

Bambancin yana wurin wuta. Irin wannan tukunya tana jan kusan wat 1,500, daidai da ƙwai 150 masu wat 10 a kunne lokaci guda. Ƙaramin faifan hasken rana da muke cajin waya da shi ba zai ko motsa ta ba. A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, a ƙauye kuwa abin ya fi haka ƙaranci nesa. Wanda ke da ita ma, kafin 2023 mafi yawanta daga Nijeriya take zuwa, layin Maraɗi da Damagaram daga Katsina yake. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka yanke ta, ba a maido ba sai Maris 2024. Duk mun ga duhun da idonmu. Kafin nan, a 2022, yaƙin Rasha da Yukren ya ɗaga farashin alkama, mai shayi a Matamaye ya rage girman burodi saboda faɗan da bai san dalilinsa ba. A Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, iyayenmu sun sha irin wannan. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya rage mana

Mu koma kan lissafinmu. Alkama baƙuwa ce tun ranar farko, ta raƙumi ta zo, ta jirgi ta zo, ta mota take zuwa. Mai namu ne, mun yi sake ya kuɓuce, ko da yake bai yi nisa ba. Wutar kuran a hannun wasu take. Abin da bai taɓa barin hannunmu ba shi ne gero, gyaɗa, rana, da basirar matan da suka mai da kwantan taliya sana'a.

Ba cewa nake a daina cin maka ba. Ni ma da ita na kwana jiya, kuma Hausawa ba su taɓa jin kunyar karɓar abin baƙo su mai da shi nasu ba, alkaki shaida ne. Abin da nake cewa, idan bidiyo ya burge mu, mu tambaya: da me aka yi, daga ina, wa ya ci riba? Cikinmu akwai masu karatun kimiyya da noma. Nawa ne gero zai iya shiga ƙullin taliya kafin ta tsinke? Idan soyawa za a yi ba dafawa ba, tsinkewar ma ba ta da illa, tunda guntu-guntu ake so. Me zai faru in an ƙara garin wake ko na rogo? Za a iya gasa ta cikin yashi ko tanderu a rage mai? Gwaji ne na tiya ɗaya da injin hannu ɗaya, ba sai an jira minista ba.

Masu son tarihi kuma, aikinku ya fi gaggawa. Tsofaffin da suka yi aiki a masana'antar mai ta Matamaye, da kakannin da suka iya taliyar murji, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ku ɗauki waya, ku durƙusa ku gaishe su, ku tambaye su wa ya koya musu, nawa ake sayar da tiya, wace shekara inji ya shigo unguwa. Ku rubuta ku kawo, mu buga a fitowa ta gaba.

Ni na fara da Inna. Ta ce ranar Juma'a za ta nuna mini murjin, da sharaɗin in sayo garin da kuɗina.